Na daina shan bitamin bayan tiyatar rage ƙiba, yanzu ƙafafuna sun fara ba ni tsoro

Assalamu alaikum Anti. Shekarata 34, ina da aure da 'ya'ya biyu, muna zaune a Kano. Shekara biyu ke nan da aka yi mini tiyatar rage ƙiba a Alƙahira, irin wadda ake rage tumbi a kuma tsallake wani sashe na hanji. Kafin aikin nauyina kilo 127 ne, ga suga ga hawan jini. Yanzu ina kilo 79, har likita ya dakatar da ni daga maganin suga. Fili maigidana ya sayar aka yi aikin. Da za mu dawo an haɗo ni da ƙwayoyin bitamin, aka ce shansu har ƙarshen rayuwa ne. Na jure shekara ɗaya da wata huɗu, sai kuɗinsu ya fi ƙarfinmu, ga ƙwayar ƙarin jinin tana tayar mini da zuciya tana busar mini da ciki. Surukata ta ga robobin a ɗakina ta ce maganin hana haihuwa nake sha a ɓoye, don ba mu gaya mata irin aikin da aka yi ba. Maigida ya ce tunda na warke a bar su, a koma zogale da zuma da habbatus sauda. Wata takwas rabona da su. Yanzu in na hau bene sai haki, gashina yana zuba, ba ni da abin marmari sai taunar ƙanƙara, kuma da daddare ina jin kamar kiyashi na bin tafin ƙafata. Ga shi muna son ƙarin haihuwa. Kunyar sake tambayarsa kuɗi nake ji. Don Allah ki ba ni shawara.

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ƙara lafiya, ya saka wa maigidanki da alheri. Sauke kilo 48 da rabuwa da maganin suga ba ƙaramin abu ba ne, kuma na san wuyar da kika sha kafin ki kai nan: makonnin shan ruwa-ruwa, cin abinci da ƙaramin cokali, kallon mutane suna cin tuwo ke kina haɗiyar yawu. Ban ga sakaci a wasiƙarki ba. Abin da na gani shi ne mace da ta gaji da ƙwayoyi, aljihu ya yi rauni, aka kuma bar ta ba mai bibiyar lafiyarta tun ranar da jirgi ya sauke ta. Amma zan gaya miki gaskiya ba kwana-kwana: wannan abin da kike ji a ƙafa bai kamata ya kai mako mai zuwa likita bai gan ki ba.

Bari in fara da kalmar da maigida ya yi amfani da ita, wato "warkewa", don a nan kowa a gidanku ya yi tuntuɓe. Ciwon yanka ya warke, gaskiya ne. Hanyar abinci kuwa an sauya mata tsari, kuma haka za ta zauna. A irin aikin da aka yi miki, an yanki ɗan aljihu daga saman tumbi, girmansa bai wuce ƙwan kaza ba, aka haɗa shi da hanji can gaba. Sauran tumbin da farkon ƙaramin hanji suna nan a cikinki, amma abinci ya daina bi ta cikinsu. To wannan farkon hanjin da aka tsallake, nan ne jiki ya fi tsotsar sinadarin ƙarfe, wanda ake gina jini da shi, da kalsiyam mai riƙe ƙashi. Tumbi kuma shi ke fitar da ruwa mai tsami da ke sakin bitamin B12 daga jikin nama, shi ke kuma samar da wani sinadari da ke rako bitamin ɗin har inda hanji zai karɓe shi. Tumbin da abinci ba ya ratsawa ba zai yi wannan aikin yadda ya saba ba. Shi ya sa ko kin cinye hantar rago kullum, abin da zai isa jininki kaɗan ne, balle ma cikin naki loma nawa yake ɗauka. Ƙwayoyin nan rabin aikin ne. Wanda ya yi tiyata ya bar su, ya kashe maciji ne bai sare kansa ba.

Abin da ke yaudarar mutane shi ne jiki yana da rumbu. Hanta tana iya ajiye B12 da zai kai mutum shekaru, ƙarfe ma yana da ma'ajiyarsa, kalsiyam kuwa in ya yi ƙaranci a jini sai jiki ya riƙa ɗiba daga ƙashi a hankali, ba zafi ba ƙara. Don haka watannin farko da kika daina sha kin ji garau, kowa ya ce ai ga shi ba abin da ya faru. Daga rumbu kike ci a lokacin. Hakin da kike yi a bene da zubar gashi sun yi kama da ƙarancin jini, taunar ƙanƙara kuwa sananniyar alama ce ta ƙarancin ƙarfe, 'yar uwar cin farar ƙasa da muke gani wajen masu ciki. Na taɓa zama kusa da wata baiwar Allah a gidan suna cikin sanyin hunturu, kowa na neman shayi, ita kuwa tana fasa ƙanƙarar leda da haƙori tana gurgura, ana yi mata tsiya. Da aka auna jininta daga baya sai da aka kwantar da ita. Kiyashin ƙafa shi ne ya fi tayar mini da hankali, don magana ce ta jijiya. Ƙarancin B12 yana kawo shi, ƙarancin bitamin B1 yana kawo shi, ƙarancin sinadarin tagulla ma haka, kuma sugan da kika yi fama da shi a baya zai iya barin tabonsa. Gwaji ne zai raba gardama. Jini in ya ragu ana mayar da shi cikin watanni, amma jijiya in ta daɗe a lalace ba kullum take dawowa daidai ba.

Don haka a makon nan ki nemi likita, ki tafi da duk takardun da aka ba ki a Masar, musamman wadda ta bayyana sunan aikin. In sun ɓace, ki tura saƙo asibitin su turo miki ta waya. A Kano kina da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, inda za ki samu likitocin ciki da masana abinci wuri guda. Kada a tsaya a awon yawan jini kawai, wanda ake yi wa masu zuwa awo. Ki roƙi a duba ma'ajiyar ƙarfe, wadda ake kira feritin, a duba B12, folik asid (shi ma bitamin ne da ake gina jini da shi), bitamin D da kalsiyam, in hali ya yi a haɗa da zink da tagulla. In kuɗin bai kai duka ba, ki gaya wa likita kai tsaye ya zaɓo waɗanda suka fi gaggawa. Ki ambaci ƙafar da bakinki tun kafin a tambaye ki, don idan jijiya ta shiga magana likitoci kan ɗebi jini su fara allurar B12 ba tare da jiran sakamako ba. Abu ɗaya kada ki yi: kada ki shiga kemis ki sayi folik asid shi kaɗai ki ce kin fara gyara. Yana iya gyara awon jinin ya yi kyau a takarda alhali ƙarancin B12 yana ci gaba da cin jijiya a ɓoye.

Akwai kuma abin da nake so ke da maigida ku riƙe kamar lambar wayarku. B1 ba shi da babban rumbu, makonni biyu zuwa uku ya ƙare. Duk ranar da amai ya kama ki ya ƙi tsayawa kwana da kwanaki, ko na laulayi ne, ko kika ga abu ɗaya yana zama biyu, ko tafiya ta zama tangaɗi, ko tunani ya rikice, asibiti za a nufa a daren. A gaya musu an yi miki tiyatar rage ƙiba, a ba ki B1 kafin a ɗaura miki ruwa mai suga. Mun saba da kiran ma'aikacin lafiya na unguwa ya zo gida ya sa ƙarin ruwa, to ga mai irin jikinki ruwan suga ba tare da B1 ba zai iya taɓa ƙwaƙwalwa.

Yanzu maganar kuɗi, wadda na san ita ce ƙashin bayan matsalar. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023, duk abin da ake shigowa da shi ya yi tashin gwauron zabo, kuma robobin da ake haɗawa musamman don masu wannan tiyata suna cikin masu tsadar gaske. Sai dai jikinki bai san sunan kamfani ba, adadin da ya shiga kawai ya sani. Ƙa'idar da ƙungiyar likitocin tiyatar ƙiba ta Amurka ta fitar ta nuna mace mai al'ada tana buƙatar ƙarfe miligiram 45 zuwa 60 a rana, kalsiyam miligiram 1,200 zuwa 1,500, bitamin D kimanin 3,000 a ma'aunin da ake rubutawa IU a jikin roba, B1 aƙalla miligiram 12, sai B12 ko dai ƙwaya mai ƙarfi kullum ko allura. A Ingila allurar B12 ɗin duk wata uku ake yi wa masu irin aikinki. Ki kai wa likita ko mai ilimin haɗa magunguna waɗannan alƙaluma, ku zauna ku haɗa su daga abin da ke kasuwarmu. 'Yar ƙwayar ƙarin jinin da ake raba wa masu ciki a wajen awo, mai miligiram 200, tana ɗauke da ƙarfe kusan miligiram 65, kuma tana cikin magunguna mafi araha. Allurar B12 ma ba ta da tsada. Bitamin na gama-gari mai haɗe da ma'adinai yana samuwa, sai dai irin na kowa da kowa galibi biyu ake ce wa masu irin aikinki su sha a rana. Wanda zai ɗan ba ki wuya shi ne kalsiyam, don nau'in sitiret aka fi so, shi ba ya buƙatar tsamin tumbi kafin ya narke. In ya gagara, nau'in kabonet da ake samu ko'ina ya fi babu, muddin tare da abinci kike shan sa. Wannan adadin na kiyayewa ne, in gwaji ya nuna kin riga kin yi ƙasa sosai likita zai ƙara na ɗan lokaci. Ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ki guji wanda ya sha rana a kan tire. Masu kama da alewa ɗin nan da ake taunawa ki bar wa masu su, yawancinsu ba ƙarfe a ciki. Maganin ƙarin jini na kwalba kuma sau da yawa zaƙi ne ya cika shi, kin kuma san yadda zaƙi yake sa ki gumi da bugun zuciya tun bayan aikin.

Tashin zuciya da bushewar ciki da kika ambata gaskiya ne, ƙarfe yana yin haka, har bayan gida ya yi baƙi. Akwai dabaru. Kada ki sha shi da sassafe ciki wayam, ki mayar da shi lokacin kwanciya tare da ɗan yankin gwaiba ko lemon zaƙi, bitamin C ɗin da ke cikinsu yana taimaka masa shiga jiki. Ki raba shi da shayi, don ganyen shayi yana kama ƙarfe ya hana shi tsotsuwa, ki raba shi da madara da kindirmo da ƙwayar kalsiyam da aƙalla awa biyu. Ki riƙa kurɓar ruwa tsakanin abinci, kuɓewa da ganye su yawaita a miyarki. In wani nau'in ya ƙi ki, akwai wani, likita yana iya ma mayar da shi yau a sha gobe a huta. In duk an yi ya ƙi, ana ba da ƙarfe ta jijiya a asibiti, zama ɗaya ko biyu ya cike ma'ajiyar na watanni. Kuma tunda muna maganar kemis, magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac ba naki ba ne yanzu, suna haddasa gyambo a wurin ɗinkin.

Mantuwa kuwa, ni ban ga agogon da ya kai kiran salla ba. Ki sayi 'yar robar nan mai gida bakwai, ki cika ta duk ranar Juma'a da yamma, ki ajiye ta cikin jakar da kike sa carbi da hijabin salla, inda yara ba za su kai hannu ba, don ƙwayar ƙarfe guba ce ga ƙaramin yaro in ya haɗiye da yawa. Kalsiyam ba a shan sa gaba ɗaya, jiki ba ya karɓar fiye da miligiram 500 zuwa 600 a lokaci guda, sai ki raba shi: da karin kumallo, da azahar, da magariba. Bitamin na gama-gari da ƙarfe su jira bayan isha da kin zo kwanciya, in biyu aka ce ki sha ɗayan ya hau la'asar. Ki kula da kwanakin da kike fashin salla, a nan tsarin yake wargajewa, kuma a nan ne kike zubar da ƙarfen da kika tara. Ladan bai daina kira ba, ke ma kada ki daina buɗe jakar. Da azumi a sake rabon tsakanin buɗa-baki, bayan tarawihi da sahur, amma ki tambayi likita tukuna ko jikinki zai ɗauki azumin bana, in ya ce a'a Allah ya yi wa marar lafiya rangwame ya rama daga baya.

Maigidanki ba abokin gaba ba ne a wannan magana. Mutumin da ya sayar da fili don lafiyar matarsa ba ƙyashin kuɗin magani yake ba, ya ɗauka ne an biya an gama, kuma wataƙila ranar da likita yake bayani hankalinsa yana kan ko za ki farfaɗo lafiya. Kunyar da kike ji na fahimce ta, amma shirun naki ba sauƙi yake yi masa ba, don kuɗin ƙarin jini da kwanciya asibiti da zuwa gashin ƙashi saboda ƙafar sun ninka na ƙwayoyin nan sau da yawa. Ki zaɓi lokacin da ya ci ya huta, ki ce masa, "Baban yara, ƙafata tana ba ni tsoro, ina so ka raka ni asibiti ka ji da kunnenka." Maza da yawa abin da suka ji daga bakin likita ya fi zama musu. Bayan nan ki kawo masa lissafin wata a rubuce, na araha ɗin da kuka haɗa, a sa shi layi ɗaya da kuɗin cefane da na makaranta. In kina da 'yar sana'a ko adashi, ki ce za ki ɗauki wani kaso. Zogale da zuma da habbatus sauda kuma kada ki yi musu da shi a kansu. Zogale abinci ne mai kyau, ki ci. Ki nuna masa dai cewa B12 daga nama, ƙwai, kifi da nono ake samun sa, kuma ƙofar da ƙarfen zogalen zai bi ita ce aka tsallake. Zuma kuma ki yi hankali da yawanta saboda zaƙi.

Hajiya ita ma ina ganin uzurinta. Ta ga surukarta ta tafi ƙasar waje ta dawo ta rame, shekara biyu ba ciki, ga robobin ƙwayoyi a ɗaki ba wanda ya yi mata bayani. Duk uwar da aka bari cikin duhu za ta cike giɓin da zato. Ba dole ne ki buɗe mata sirrin jikinki duka ba, wannan haƙƙinki ne, kuma ba ke ya kamata ki tare ta ba. Ɗanta ne zai same ta cikin ladabi ya ce aikin ciki aka yi wa matarsa saboda suga, likita ya ɗora ta a kan maganin ƙarin jini da na ƙarfin ƙashi, kuma sai ta sha su ne ma za a samu jikan da ake jira. Wannan ba ƙarya a ciki ko kaɗan. In ta gamsu, ina kyautata zaton ita za ta riƙa tambayarki ko kin sha.

Shi ya kawo mu maganar haihuwa. Likitoci kan ce a jira wata 12 zuwa 18 bayan aikin, ke kin wuce nan. Abin da ya rage shi ne rumbun da ya zama wayam. Jariri daga jikinki zai ɗebi komai, kuma laka da ƙwaƙwalwarsa suna haɗuwa ne cikin kwana 28 na farko, lokacin da mace ba ta ma tabbatar da ɓatan wata ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ku ba kanku wata uku zuwa shida ana gyara jinin, a sake gwaji a ga ya hau, sannan ku buɗe ƙofa. A tsakanin nan ku nemi shawarar hanyar tazara da ta dace, don ƙwayar da ake haɗiya ba a cika dogara da ita ba bayan irin aikinki, kuma rage ƙiba yana sa ciki saurin shiga. Likita zai ɗora ki a kan folik asid tun kafin cikin, mai yiwuwa mai ƙarfin miligiram 5 saboda tarihin suga, ya kuma duba irin bitamin A da ke cikin robarki, don nau'in retinol in ya yi yawa yana cutar da ɗan tayi. Ranar da kika fara zuwa awo ki faɗi aikin da aka yi miki tun a teburin farko, saboda gwajin nan da ake ba mai ciki ruwan suga ta shanye bai dace da ke ba, akwai wata hanyar auna sugan.

Bayan wannan guguwar ta lafa, gwajin jini sau ɗaya a shekara ya zama miki ƙa'ida ko kina jin garau. Ki ɗaura shi da watan da ba za ki manta ba, misali Sha'aban, kin ga sakamakon zai fito daidai lokacin da kike buƙatar sanin ko za ki ɗauki azumi. Ki samu likita ɗaya a nan gida ya zama shi ya san fayil ɗinki, kada ki dogara da saƙon waya zuwa Alƙahira kaɗai. Yau da daddare ki ciro takardun asibitin ki sa su cikin jaka, ki yi wa maigida maganar ƙafar kafin ku kwanta. In sakamakon ya fito ki sake rubuto mini, ina son in ji yadda ake ciki. Allah ya ba ki lafiya mai ɗorewa, ya kawo rabo mai albarka a lokacin da ya fi alheri.